Wiwi: a bar kasuwarta a rufe, a fitar da mashayi daga kaso

Duk lokacin da wata ƙasa ta sassauta dokar tabar wiwi, kafin kwana biyu labarin ya iso fadojin Maraɗi ta WhatsApp da TikTok, gardama ta kaure a bakin butar shayi. Wasu su ce ai Kanada da Jamus sun halasta kuma ba su rushe ba. Wasu su ce haramun ce, a rufe zancen. Ni dai ban goyi bayan a buɗe kasuwar wiwi a Nijar ba, ko a shago ko a kan tebur. Amma kai yaron da aka kama da ƙulli ɗaya gidan kaso shi ma abu ne da ya kamata a sake wa tsari, domin zaman kaso ba ya raba shi da shan.

Ƙasashen da ake ambata kowace da hanyar da ta bi. Uruguwai ce ta fara, a Disamba 2013, kuma gwamnati ce ta riƙe ragamar komai. Mai saye sai ya kai shekara 18, ya yi rajista, ya je farmasi ya ɗora yatsa a kan na'ura, kuma ba ya wuce giram 40 a wata. Wanda ya zaɓi shukawa a gida ba ya wuce tushe 6. Kanada ta buɗe shaguna masu lasisi a ranar 17 ga Oktoba 2018, ta ƙayyade giram 30 a hannun mutum. Jamus, a Afrilu 2024, ta yarda da giram 25 a aljihu da tushe 3 a gida, amma ba ta yarda da shago ba, sai ƙungiyoyi masu rajista da mambobinsu ba su wuce 500 ba. Tailan kuwa ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a 2022 kafin ta gama tsara dokar da za ta bi da ita, shaguna dubbai suka buɗe cikin ƴan watanni, a Yuni 2025 gwamnati ta dawo ta ce ba mai saye sai da takardar likita.

A Afirka abin ya fi haka ƙunci. Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017. Maroko ta yi dokarta a 2021, don magani da masana'antu kawai, a larduna uku na duwatsun Rif. Gana ta yarda da irin da sinadarin buguwarsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, wanda ko an zuƙe shi ba ya juya kai. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu, a Satumba 2018, ta ce baligi na iya sha a cikin gidansa, amma sayarwa tana nan a matsayin laifi. Masu cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta wanke wiwi su ma sun ƙara gishiri. Abin da ya faru a Disamba 2020 shi ne, da ƙuri'a 27 a kan 25, an cire ta daga jeri na huɗu, na ƙwayoyin da aka fi ɗauka da haɗari, a yarjejeniyar ƙwayoyi ta duniya ta 1961, aka amince tana da amfani a magani, amma tana nan a jeri na ɗaya tare da hodar ibilis da mofin.

Sai abin da ganyen ke yi a jiki, wanda shi ne tushen maganar. Sinadarin da ke bugarwa sunansa THC. Idan an zuƙa, cikin ƴan mintoci ya isa ƙwaƙwalwa, ya kai ƙarshen ƙarfinsa kafin rabin awa, ya sauka bayan awa 2 zuwa 3. Idan an dafa shi cikin abinci ko shayi, sai ya ɗauki minti 30 har zuwa awa 2 kafin a ji shi, ya kuma daɗe awa 6 zuwa 8 a jiki. A wannan jiran ne ake yin ɓarna: mutum ya ga bai ji komai ba ya ƙara, ya sake ƙarawa, sai duka su taso masa lokaci guda da bugun zuciya da firgita da amai. Shi ya sa Kanada ta hana a sa fiye da miligiram 10 na THC a cikin fakiti ɗaya na abin ci. Duk da haka, bayan an fara sayar da alewa da cakulan mai wiwi a can, yawan ƙananan yaran da ake kwantarwa a asibiti don sun tsinta sun ci ya ninka sau da dama.

Wiwin yau ma ta fi ta da ƙarfi nesa ba kusa ba. Wadda ake kamawa a Amurka a 1995 tana ɗauke da THC wajen kashi 4 cikin 100. Zuwa 2014 ta kai kashi 12. A shagunan da aka halasta yanzu ana sayar da ganye mai kashi 20 ko fiye, da tataccen danƙo mai wuce kashi 60. Dalilin a fili yake. Mafi yawan kayan da ake sayarwa masu sha kullum ne ke saye, su kuwa jikinsu ya saba, mai ƙarfi suke nema, ɗan kasuwa kuma abin da ake nema yake kawowa.

Kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka fara sha yakan kamu har ya kasa bari. Idan tun yana ɗan samari ya fara, lissafin ya koma kusan ɗaya cikin shida. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a wurare 11 na Turai da Barazil, ya nuna mai sha kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin kamuwa da taɓin hankali kusan sau uku, idan kuwa mai ƙarfi yake sha, wadda ta wuce kashi 10, haɗarin ya kusa ninki biyar. Gaskiya ne yawancin waɗanda suka taɓa ɗanawa ba su haukace ba, kuma wiwi ba ta tsayar da numfashi ta kashe mutum nan take yadda tiramol da danginsa kan yi idan an zarce. Masu goyon bayan halastawa suna da hujja a nan, bai kamata a musa musu ba. Amma cutarta ta fi sauka a kan wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ƙosawa ba, ita kuwa ƙwaƙwalwa sai wajen shekara 25 take gama ginuwa. Jamus ƙasar tsofaffi ce. Nijar kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, jihar Maraɗi kuma, wadda ƙidayar 2012 ta ba mutum miliyan 3.4, tana cikin inda aka fi haihuwa. Doka iri ɗaya ba za ta haifar da abu iri ɗaya a wuraren biyu ba.

Halastawa kuma aiki ne mai nauyi, ba a sa hannu a takarda a tafi. Sai an ba manomi lasisi an san fili nawa ya shuka, an bi kowane buhu daga gona har shago don kada ya zille, an gwada kowane kaso na kaya a ɗakin bincike don sanin yawan THC da ko akwai maganin ƙwari ko fumfuna a ciki, an zuba shi a mazubin da yaro ba ya iya buɗewa, an duba katin shaidar kowane mai saye, an kuma sami jami'an da za su zagaya su rufe shagon da ya saɓa. Ɗakin binciken lafiya na ƙasa, LANSPEX, yana Yamai, sama da kilomita 600 daga nan. Matasa da yawa a ƙauyukan Dakoro da Mayahi ba su da takardar haihuwa, balle a tantance wa ya kai 18.

Ba sai an yi hasashe ba, muna da abin da za mu auna kanmu da shi. Tiramol magani ne halastacce, doka ta ce sai a farmasi da takardar likita. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a tasha da kasuwa mai 120 ne, da 200, da 225, har 250, ana sayar wa ɗan kabu-kabu da lebura da mai noman ƙodago ƙwaya ɗaya-ɗaya. Dokar yaƙi da taba sigari ta 2006 ta hana sayar wa yara, amma a tura yaro ɗan shekara goma wurin mai tebur ya sayo kara biyu, a ga ko za a tambaye shi. Ƙasar da ba ta riƙe tiramol a cikin farmasi ba, da me za ta riƙe wiwi a cikin shago mai lasisi?

Ga kuma hanya. Wiwi tana rage saurin ɗaukar mataki, tana ɓata auna tazara, abubuwan da mai babur ke rayuwa a kansu. Giya ana hura na'ura a gane nan take. Wiwi ba haka take ba, domin THC yana maƙalewa a kitsen jiki. Wanda ya sha sau ɗaya, fitsarinsa na iya nunawa har kwana 3, mai sha kullum kuwa har wata guda bayan ya daina. Ke nan gwajin fitsari ba ya tabbatar da cewa direba a buge yake lokacin da ya banke mutum. Sai an ɗebi jini cikin gaggawa an auna, kamar yadda Jamus ta sa iyakar nanogiram 3.5 a mililita ɗaya, jihar Kolorado ta Amurka ta sa 5. Jandarman da ke kan hanyar Tasawa ko Gidan Runji ba shi da wannan kayan aiki.

Abin da ya fi shafar Maraɗi a keɓe shi ne iyaka. Daga nan zuwa Ɗan Isa tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, daga can sai Jibiya, sai Katsina. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar da mutum miliyan 10.6, kuma shugaban NDLEA, hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Najeriya, Buba Marwa, ya sha faɗin cewa ba ya goyon bayan halastawa. Kowane ɗan Maraɗi ya san abin da ke faruwa idan kaya halal ne a nan, haramtacce a can: haka aka yi fiton sigari da atamfa da shinkafa shekara da shekaru. Ranar da wiwi ta sami shago a Maraɗi, garin zai zama rumbun da Katsina da Kano da Zamfara ke ɗiba. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 a kan shinkafa da fetur, mun ga yadda kasuwar dabbobi da wake ta kwanta. NDLEA kuma ta sha sanar da kama masu kai wa ƴan bindigar daji wiwi da ƙwaya, su ne kuwa mutanen da ke ƙetarowa su sace jama'a da shanu a Madarunfa da Gidan Runji.

Ana cewa halastawa za ta kashe fataucin ɓoye. A Kanada, bayan shekaru, yawancin masu saye sun koma shagon lasisi, wannan gaskiya ne. A Kalifoniya kuwa kasuwar bayan fage tana nan da ƙarfinta, saboda ba ta biyan haraji, kayanta sun fi araha. Mu babban fataucin da ke ratsa ƙasarmu ma ba don mu ake yin sa ba. Tan 17 na danƙon wiwi da OCRTIS, hukumar yaƙi da safarar ƙwayoyi ta Nijar, ta kama a wani sito a Yamai a Maris 2021 daga Lebanon ya taso, ya sauka a tashar ruwan Lome, Libiya za a kai shi. Shago a Maraɗi ba zai rage wannan ko da kilo ɗaya ba, sai ma ya ba mai safara takardar da zai nuna a shingen duwan.

Zancen kuɗin da manoma za su samu kallon kitse ne ake yi wa rogo. Tsadar wiwi kuɗin kasada ce, ana biyan mai noma da mai ɗauka ladan tsoron kamu. Da zarar an halasta farashi ya faɗo, har kamfanonin Kanada sun lalata ɗaruruwan tan da suka rasa mai saye. Kasuwar magani ta Turai kuma ba ta karɓar abin da aka shanya a kan tabarma. Sai an noma a rufaffen ɗaki mai tsaro, an auna ruwa da ƙasa, an cika sharuɗɗan masana'antar magani, jarin da ƙaramin manomi ba shi da shi. A Lesoto kamfanoni masu jarin waje ne suka kwashi lasisin, manoman kan duwatsu da suka daɗe suna nomanta suka ci gaba da sayarwa a ɓoye. Ruwan Jiratawa da fadamun Gulbi, a jihar da tamowa ke kwantar da yara kowace shekara, zogale da albasa da masara sun fi cancanta da shi.

Magani kuwa ba ya buƙatar a halasta zuƙa. Akwai magungunan da aka fitar daga wiwi ko aka kwaikwayi sinadarinta, kowane da awonsa: dronabinol, tun 1985, don amai mai tsanani ga masu jinyar ciwon daji, Sativex don ƙagewar jijiya, da Epidiolex, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Na ƙarshen CBD ne, wani sinadarin wiwi da ba ya bugarwa, kuma ya fito a kan dala dubu 32 da ɗoriya a shekara. Irin waɗannan za a iya shigo da su ta hanyar da ake shigo da mofin, a kulle a farmasin asibiti. Amma mai farfaɗiya a ƙauyenmu abin da ya rasa fenobarbital ne mai araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 na masu cutar za su daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace, kuma kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasashe matalauta ba sa samu.

A addini ba a yi saɓani a kan haramcin shanta don jin daɗi ba. Hadisi ya tabbata cewa duk abin da ke sa maye haramun ne. Inda malamai suka rabu shi ne hukuncin mai sha. Ibn Taimiyya ya ce a yi masa haddi irin na mashayin giya. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya sa ta cikin masu ɓata hankali waɗanda ba su da haddi, sai ladabtarwa gwargwadon abin da shugaba ya ga zai gyara. A mazhabar da muke bi ke nan akwai sararin da hukuma za ta zaɓi hanyar gyara mashayi ba tare da ta halasta abin da yake sha ba.

Dokar da ke aiki yanzu a Nijar, mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999, tana hukunta noma da safara da sayarwa har da sha. A bar ukun farko yadda suke, a ƙara musu ƙarfi ma. Na huɗun ne ke ɓata yara. Saurayin da aka rufe saboda naɗi biyu yana kwana ɗaki ɗaya da dillalai da ɓarayi, ya fito ya san inda ake saro kaya, ga tabo a takardar kotu da ake nema wurin jarrabawar shiga soja ko aikin gwamnati. Ɗan mai hali kuwa ba ya kai wa gaban alƙali, a hanya ake kashe maganar. Kwamitin Yammacin Afirka kan ƙwayoyi, wanda Kofi Annan ya kafa, Olusegun Obasanjo ya shugabanta, tun 2014 ya ba ƙasashenmu shawarar a daina ɗaukar shan ƙwaya a matsayin laifin ɗauri, a maida ƙarfi kan manyan masu safara.

Fotugal ta bi wannan hanyar tun 2001. Wanda aka kama da abin da bai wuce shan kwana goma ba, wato giram 25 na ganye ko giram 5 na danƙo, ana ƙwace kayan, a tura shi gaban kwamitin mutum uku da ya haɗa masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko jin daɗin jama'a. Su ne ke yanke gargaɗi, ko tara, ko jinya. Mai sayarwa kotu ce tasa. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwayi rabin tsarin a 2020, ta cire ɗauri kafin wuraren jinya su tsaya da ƙafarsu, shaye-shaye ya fito fili a kan titi, a 2024 ta maido da hukuncin. Don haka jinya ce za a fara ginawa. A nan kwamitin zai iya zama majo na asibitin unguwa, da wakilin kotu, da mai unguwa ko liman. Dole a rubuta awon a cikin doka da giram, ƙasa da na Fotugal, a kuma auna kayan a gaban shaida a rubuta, in ba haka ba jami'in da ya yi kamun shi zai riƙa zaɓar wa ne mashayi wa ne dillali.

Jinyar kanta ba ta da tsada. Babu wata ƙwaya da aka amince da ita don cire son wiwi, aikin na zama ne da tattaunawa da bibiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci a kan haka tun 2008. Mai sha kullum idan ya bari, daga kwana ɗaya zuwa uku zai fara saurin fushi, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya riƙa gumi da mugayen mafarkai. Abin ya fi tsanani a makon farko, ya lafa cikin mako biyu, sai dai barci na iya ɗaukar wata kafin ya daidaita. Iyaye da yawa a wannan makon suke cewa aljanu ne ko hauka, su kai shi inda za a sa masa mari. Gidajen da ƴan sandan Najeriya suka fasa a Kaduna da Daura da Katsina a 2019, suka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa, da yawansu saboda shaye-shaye danginsu suka kai su.

Tambayar da ba a tsallakewa ita ce me kuma yake haɗawa da ita. Idan yana shan diyazefam, ba a tsayar masa rana ɗaya, domin yana iya faɗuwa da jijjiga, sai likita ya riƙa rage masa a hankali. Tiramol ma haka. Idan ya fara jin muryoyi, ko yana cewa ana sa masa guba a abinci, ko ya yi kwanaki bai runtsa ba, wannan ya wuce zaman gida, a kai shi sashen masu taɓin hankali ba tare da jira ba. Wanda kuma ke yawan amai da ciwon ciki, ba ya samun sauƙi sai ya yi wanka da ruwan zafi, wiwin ce ke jawo masa, kuma ba ya warkewa sai ya bari. Bayan mako biyun farko, wurin da aka fi komawa ruwa shi ne fadar da ya saba zama, inda naɗin ke zagayawa hannu zuwa hannu. Sai a sa masa ranar dawowa asibiti kowane mako na aƙalla wata uku, a haɗa shi da wani babba a gida da zai riƙa rako shi, a kuma nema masa garejin kanikanci ko shagon ɗinki ko walda da zai riƙa wuni a ciki.